Kafin a ce "sai fomat": ina ciwon laftof ɗin aiki yake?

A Sakkwato, duk wanda laftof ɗinsa ta fara ba shi wahala, kusan magana ɗaya yake ji da zarar ya ajiye ta a teburin mai gyara: "Malam, wagga sai fomat." Sauti ya ɗauke, fomat. Wayfay ya ɓace, fomat. Tana mutuwa da kanta da tsakar rana, fomat. A goge komai, a zuba sabon Windows, a biya kuɗin aiki, bayan kwana biyu ciwon ya dawo, wani lokaci har da ƙari. Abin yana ci mini rai, domin masu waɗannan na'urori abincinsu ne a ciki: mai shagon buga takardu da ke jiran lokacin rajistar JAMB, akawu a ma'aikata, malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke riƙe da makin ɗalibai, dillalin albasa da ke lissafin buhunan da ya tura Kudu.

Matsalar laftof tana zama ne a ɗaya daga wurare uku. Ko dai a jikinta, wato batir, fanka, faifan ajiya, sikirin da sauransu. Ko a direbobinta, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan jikinta. Ko a cikin Windows da manhajojin da aka ɗora masa. Fomat na ukun kaɗai yake warkarwa. Bai san da na farkon ba, na biyun kuwa sau da yawa shi yake jawo shi.

Yawancin laftof ɗin da ke hannun ma'aikata da 'yan kasuwa a nan na hannu ne. Kamfanoni a Amurka da Turai suka yi aiki da su 'yan shekaru suka sallama, aka kwaso su zuwa Legas, suka ratsa kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wasu suka biyo ta Kano, sannan suka iso mu. Sunayen nan ne dai da kowa ya sani: ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell, EliteBook da ProBook na HP. ThinkPad ma asalinsa na IBM ne tun 1992, sai a 2005 Lenovo ya karɓi wannan sashe. An ƙera su ne domin kamfanin da ke da ma'aikata dubbai, mai injiniyoyin da za su buɗe su, su canza abin da ya lalace, su mayar wa ma'aikaci kafin a tashi aiki. Shi ya sa murfin ƙasansu da sukurori yake, littafin gyaransu yana intanet kyauta, kuma kowace tana da lambarta da ba ta haɗa da kowa ba. A Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi bakwai ne. A Lenovo da HP lambar siriyal ce. Tana liƙe a ƙasan na'urar, in ta goge kuma tana cikin BIOS, wato shafin saitunan na'ura da ake shiga lokacin kunnawa kafin Windows ya tashi. Wanda ya shigar da ita a shafin kamfanin zai ga irin na'urar da yake riƙe da ita da direbobin da aka ware mata. Wannan gata ne babba, kuma akasarin masu laftof ba su taɓa juya ta sun karanta lambar ba.

To mene ne direba? Ƙaramar manhaja ce da ke tsakanin Windows da wani sashe na jikin na'ura. Tafinta ne: Windows ya ce a kunna sauti, direba ya faɗa wa guntun da ke sarrafa sauti da yaren da yake ji. In babu tafinta, ko aka kawo wanda bai iya yaren sosai ba, lafiyayyen sashe sai ya yi shiru, a ɗauka ya mutu. Kuma sassan laftof ba kamfani ɗaya ke yin su ba. Katin wayfay yana iya zama na Intel, ko Realtek, ko Qualcomm. Laftof biyu masu suna ɗaya, da aka ciro daga kwali ɗaya, ana iya samun katinsu ya bambanta. Nan ne lambar nan take amfani.

Direba yana aiki ne a can cikin zuciyar Windows, inda ƙaramin kuskure ke kayar da na'ura baki ɗaya. Shuɗin sikirin da ke firgita mutane, sau da yawa daga nan yake fitowa. Duniya ta ga haka ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure ga manhajarsa da ke aiki a wannan mataki. Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 suka tsaya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗu. Babu ƙarfen da ya ƙone a cikinsu. Fayil guda aka goge, suka tashi.

Yanzu a duba abin da ke faruwa a fomat irin na gaggawa. Mai gyara yana da filash ɗaya da yake zuba wa kowa, wani lokaci Windows ɗin ma wanda aka yi wa kwaskwarima ne, an cire masa abubuwa don ya yi sauƙi. Direbobin da kamfani ya daidaita wa wannan na'urar sun tafi tare da tsohon Windows. Sai a kawo wata jakar direbobi mai cin komai, wadda ke zuba abin da ya yi kama, ta haɗa da manhajojin talla da ba wanda ya nema. Laftof ta tashi, hoto ya fito, sauti ya fito, kowa ya ce an gama. Sai an koma gida a ga maɓallin rage haske ba ya aiki, na'urar karanta zanen yatsa ta ɓace, fanka tana ta gudu ba hutawa, batir yana ƙarewa alhali murfi a rufe yake. Waɗannan ƙananan direbobi ne na sarrafa wuta da zafi da maɓallai, kuma a shafin kamfanin suke. Akwai ma manhajojin da ke nemo su da kansu: Lenovo Vantage, Dell Command Update, HP Support Assistant.

Akwai wani tarko da ya ci kuɗin mutane da yawa. A wasu laftof masu furosesa (wato guntun da ke yi wa na'ura lissafi) na Intel daga ƙarni na 11 zuwa sama, in aka zo zuba Windows sai ya ce bai ga faifan ajiya ba sam. Wanda bai sani ba zai yanke hukunci cewa SSD, wato faifan ajiyar, ya mutu, a sayo sabo, shi ma a ƙi ganinsa. Alhali direban Intel Rapid Storage ne kawai ake buƙatar a nuna wa Windows a wannan mataki.

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci, wadda ba kasafai ake yi ba, ita ce: yaushe abin ya fara? Bayan Windows ya sabunta kansa da dare? Bayan an jona sabuwar firinta? Bayan ta faɗo daga kan benci, ko shayi ya zube mata? Ciwon da ya zo bayan sabuntawa, a fara zargin direba. Wanda ya zo bayan faɗuwa, a fara zargin wata waya da ta saki a ciki. Wanda ke zuwa bayan azahar ya tafi da asuba, a zargi zafi.

Sai a buɗe Device Manager, ta hanyar danna ɓangaren dama na linzami a kan alamar Start. Jerin sassan na'ura ne zai fito. Duk wanda ke da matsala za a ga ɗan alwatika ruwan ɗorawa a gefensa. In aka buɗe shi akwai lamba. Code 28 yana nufin babu direba gaba ɗaya, wannan shi ne mafi sauƙi. Code 10 yana nufin sashen ya kasa tashi. Code 43 kuwa Windows ne ya dakatar da shi saboda ya kai ƙarar kansa, kuma wannan yana iya zama direba, yana iya zama jiki. In sashen ba shi da suna, an rubuta masa Unknown device kawai, sai a shiga Details a zaɓi Hardware Ids. Za a ga wani rubutu mai ɗauke da VEN da lambobi ko haruffa huɗu. 8086 na Intel ne, 10EC na Realtek, 10DE na Nvidia, 1002 na AMD. Da wannan an san wanda ya ƙera sashen, ba sai an yi ta zuba direbobi bisa canki-canki ba. In kuma sabon direba ne ya kawo ɓarnar, a shafin Driver akwai Roll Back Driver, wanda ke mayar da na jiya. Aikin minti biyu ne, kuma babu fayil ɗin da zai salwanta.

Hanya mafi tsabta ta raba gardama tsakanin jiki da direba ita ce a gwada na'urar ba tare da Windows ba. Laftof ɗin aiki suna zuwa da likitansu a ciki. A Dell ana danna F12 lokacin kunnawa a zaɓi Diagnostics. A HP ana danna Esc sannan F2. A ThinkPad da yawa F10 ne. Gwajin zai bi RAM (ma'adanar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita), faifan ajiya, fanka da batir, ya faɗi wanda ya gaza. In ya ce RAM ko faifai ya faɗi, ko sau goma aka yi fomat ba abin da zai sauya. Haka kuma ana iya tayar da laftof daga filash mai ɗauke da Ubuntu, wani tsari da ke aiki a madadin Windows, ba tare da an zuba shi ba. In wayfay ya yi aiki a can, katin lafiyarsa lau, ciwon na Windows ne. Sikirin da ke zane-zane, a jona talabijin ta HDMI: in hoton ya fito garau a talabijin, to sikirin ɗin ne ko wayarsa da ke bi ta maƙalar murfi. Kibod da ke tsallake haruffa, a gwada shi a cikin BIOS, inda direban Windows ba ya da hannu.

A ganina, rabin abin da ake kira lalacewar laftof a garin nan yanayi ne. Kamfanonin nan a takardunsu sukan rubuta cewa na'urar ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu wuce 40 ba labari ba ne, balle a shago mai rufin kwano da babu wuta. Furosesa yana da iyakarsa, wajen digiri 100 a yawancin na Intel. In ya kusa kaiwa sai ya rage gudu da kansa don ya tsira, in abin ya faskara ya kashe na'urar. Mai ita abin da yake gani kawai shi ne laftof da ke tashi da ƙarfi da safe, ta fara jan ƙafa da hantsi, ta ɗauke da rana. Sai a ce bairos ne.

Ga kuma ƙurar hunturu da ta riga ta share wa bazara fage. Wanda ya taɓa ganin an buɗe laftof da ta yi hunturu biyu a Mabera ko Arkilla ba a share ta ba ya san abin da nake nufi. Fukafukan fanka sun yi ja. Tsakanin fankar da siraran ƙarafan da iska ke fita ta cikinsu akwai dunƙulen ƙura da zare da ya daskare, ana ɗaga shi da tsinke ya taso gaba ɗayansa, ya bar ramukan a buɗe. Fankar tana juyawa, ana jin ƙararta, amma in ka sa hannu a bakin ramin ba iskar da ke fita. In aka ɗaga bututun tagullar da ke kan furosesa, man da ke tsakaninsu ya bushe ya tsattsage. A share, a sa sabon mai, na'urar da aka ce ta tsufa sai ta dawo hayyacinta. Mai sharewa ya riƙe fankar da yatsa in zai hura mata iska, kada ta yi gudun da ya fi ƙarfinta. Sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce kafin bazara ta kankama, shi ne lokacinsa. Ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma kuma toshe mata hanci ne, domin ta ƙasa take shan iska.

Caja ma tana da nata. Ta Dell da HP yawanci bolt 19.5 suke bayarwa, ta Lenovo 20, ƙarfinsu kuma wat 45, 65 ko 90. A cikin bakin cajar Dell mai zagaye akwai wani siririn tsinke a tsakiya, wanda ta nan laftof ke tambayar caja ko ita wace ce. In tsinken ya karye, ko cajar jabu ce, laftof za ta kunnu amma ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa. A cikin BIOS akwai wurin da ke nuna ƙarfin caja, in ya ce bai gane ta ba an kama ɓarawon. Mutane da yawa sun sayi sabon batir a kan wannan. Wata alamar ita ce wurin shafa yatsa ya riƙa tsalle-tsalle in caja tana jiki, ya nutsu da an zare ta. Wannan ba direba ba ne, caja ce marar kyau ko soket da ba shi da wayar ƙasa. Caja ta asali tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka raunin wuta ba shi ne babban abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne bugun da ke zuwa lokacin da aka dawo da wuta ko ake tayar da janareta. A zare caja sai wuta ta daidaita. Araha ba ta ado a nan: cajar da aka saya da rangwame tana iya tafiya da babban allon na'ura, wanda kuɗinsa ya kusa kuɗin laftof ɗin.

Batir kuwa ba sai an yi musu da mai sayarwa a kan awa nawa yake yi ba. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoto zai fito da lambobi biyu: abin da aka ƙera batir ya ɗauka, da abin da yake ɗauka yanzu. In na biyun ya koma rabin na farkon, an san inda aka kwana. Zafi da zama a cike kullum su ke tsufar da batirin litiyam, shi ya sa ThinkPad da Latitude suke da saitin tsayar da caji a kashi 80 ga wanda laftof ɗinsa ke wuni a jone da sola ko inbata. Wanda kuma wutarsa ba ta da tabbas, dole ya cika ta, babu laifi. Abin da ba a wasa da shi shi ne kumburi. In wurin shafa yatsa ya fara tasowa, ko murfin ƙasa ya buɗe baki, ko laftof ta daina zama daidai a kan tebur, batir ne ya kumbura. A daina caji, a cire shi, kada a matsa shi kada a huda shi, domin yana kama wuta.

Laftof da ke da tsohon faifai mai juyawa, canza shi da SSD ya fi kowane gyara tasiri a kan saurinta. RAM kuma a duba littafin gyara kafin a saya: ThinkPad T480 tana da gurbi biyu, X1 Carbon kuwa nata a liƙe yake da allo, ba ya ƙaruwa.

Wasu matsalolin tun a wurin saye ake ɗauko su. Takardar Core i7 da ke liƙe a gaba tana ruɗin mutane, alhali ƙarnin furosesa ya fi sunan muhimmanci. i7-6600U na ƙarni na shida ƙwaƙwalwa biyu gare shi, i5-8250U na ƙarni na takwas kuwa huɗu. Lambar farko bayan ɗan layin ita ke nuna ƙarni, daga ƙarni na goma zuwa sama kuma lambobi biyu na farko. Wannan ya ƙara nauyi tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin sabuntawar tsaro ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma a hukumance yana neman guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesan Intel na ƙarni na takwas zuwa sama, in ban da 'yan ƙalilan. Ma'ana EliteBook 840 G5, Latitude 7490 da T480 masu furosesan ƙarni na takwas sun shiga, 840 G3 da T470 ba su shiga ba. Ana iya tura musu Windows 11 ta bayan gida, kuma ana yi, amma wanda asusun banki da takardun abokan ciniki ke kan na'urarsa ya san cewa babu alkawarin sabuntawa a kan hakan.

Sannan a tuna daga kamfani suka fito, kuma wani kamfanin bai cire makullinsa ba. Kafin a biya kuɗi a shiga BIOS a ga ko zai nemi kalmar sirri. Ta ThinkPad ba ta goguwa da cire ɗan batirin agogo, kuma wanda ya saya da ita ba zai iya canza muhimman saituna ba. Wasu kuma lafiya lau suke sai ranar da aka zuba sabon Windows aka jona intanet, sai sunan wani kamfani na ƙasar waje ya fito yana neman ma'aikacinsa ya shiga. An yi rajistar na'urar ne a tsarin kamfanin, kuma shi kaɗai ke iya sakinta. Mai sayarwa na gari ba zai ƙi a yi wannan gwajin a gabansa ba. "Alhaji, a ba ni minti ashirin in duba ta" ba rashin yarda ba ne.

Sabunta BIOS yana gyara matsaloli na gaske, na caji da fanka da USB-C, amma a yi shi da cikakken batir da caja a jiki, domin ɗaukewar wuta a tsakiyarsa tana iya hana na'ura tashi. In faifan yana kulle da BitLocker, wato makullin Windows da ke rufe fayiloli, a dakatar da shi tukuna, a kuma tabbatar an ajiye makullin ceto. Lambobi 48 ne, yawanci suna cikin asusun Microsoft na mai na'urar. In Windows ya neme su ba a same su ba, babu mai gyaran da zai iya buɗe fayilolin, a Sakkwato ko a Legas.

Fomat yana da ranarsa. In gwajin jiki ya fito lafiya, an share ƙura, caja ta asali ce, an gwada direban kamfani, amma Windows ya ruɓe da bairos ko manhajojin sata, to a yi shi. Haka ma laftof da aka sayo yanzu, wadda ba a san abin da aka ɗora mata a hanya ba, gara a fara da ita daga tushe. Sai dai a yi shi da tsari. A kwashe fayiloli zuwa wani faifan, mai su ya buɗe wasu da idonsa ya ga sun kwafu, kada ya tsaya ga "an kwashe". A sauko da direban wayfay da na Intel Rapid Storage daga shafin kamfanin a ajiye a filash tun kafin a goge komai, domin na'urar da ba ta da wayfay ba za ta iya nemo sauran ba. Windows ɗin ya zama wanda aka ɗauko daga shafin Microsoft. Yawancin waɗannan laftof lasisinsu yana cikin allonsu tun daga masana'anta, in aka zuba bugun da ya dace, galibi Pro, zai kunna kansa da an jona intanet. Daga nan a bar Windows Update ya gama nasa, a ɗora manhajar kamfanin ta cike sauran, sannan a koma Device Manager a tabbatar babu alwatika ko ɗaya kafin a bar shagon.